Kuɗin bishara da kuɗin agaji: yadda tallafin Lutheran ke isowa Sudan da inda yake maƙalewa

Magatakarda, Gadarif

Salama, 'yan'uwa cikin Kristi. Muna da ɗan ƙaramin taron masu bi a nan, wasu 'yan Adamawa ne da aiki ya kawo, wasu kuma 'yan Dutsen Nuba da yaƙi ya koro daga Hartum da Madani. Majalisa ta yanke shawarar neman taimako wajen ikilisiyoyin Lutheran na waje don abu biyu: alawus na mai bishara ɗaya, da tukunyar abinci don 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantar unguwa. Waɗanda suka saba riƙe irin wannan kuɗi, ku faɗa mana ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, takardun da ake nema, da abin da ke sa masu bayarwa su janye hannu.

Baba Pasto, Bur Sudan

Ɗana, gyaran farko yana cikin tambayarka. Abu biyun nan ba sa shiga takarda ɗaya, domin aljihu biyu ne ke biyan su.

Aljihu na farko na zumunci ne tsakanin ikilisiya da ikilisiya. Daga nan ake biyan horon pastoci, littattafai da aikin bishara. Idan ku 'yan LCCN ne, wato ikilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya, hanyarku ta bi ta bishop ɗinku zuwa hedikwata a Numan. Tsofaffin abokan LCCN su ne Mission Afrika ta Denmark, wadda ta aiko Dokta Bronnum zuwa Numan a 1913, da majalisar yankin Minneapolis ta ELCA, wata ikilisiyar Lutheran a Amurka. Tarayyar Lutheran ta Duniya, wato LWF da ke Geneva, tana da tallafin ayyuka da na karatu, amma daga shugabancin ikilisiyar da ke mamba take karɓar buƙata. Wasiƙar da ƙaramin taro ya aika kai tsaye, komai kyawun Turancinta, za a maido ta ne wajen bishop. Gara ku fara daga can.

Aljihu na biyu na agaji ne: sashen agaji na LWF, Norwegian Church Aid da sauran 'yan ACT Alliance, ƙawancen ƙungiyoyin agaji na ikilisiyoyi. Kaso mai yawa na kuɗinsu daga gwamnatoci da Majalisar Ɗinkin Duniya yake fitowa, kuma suna bin ƙa'idar aikin jinƙai ta 1994 wadda ta hana amfani da agaji wajen jawo mutum zuwa wani addini ko siyasa. Kuɗin da aka ba ku na adas, wani irin ƙaramin wake, ba ya sayen Littafi Mai Tsarki ko guda.

Wannan rarrabewa ba yau ta fara damun mutane ba. A 1972 ikilisiyar Mekane Yesus ta Habasha, lokacin da Gudina Tumsa ke babban sakatarenta, ta rubuta wa LWF cewa Turawa na sakin kuɗi don asibiti da makaranta amma suna ƙunshe hannu idan aka zo kan bishara. Har yau aljihun agaji ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Ku tsara buƙatarku da sanin haka.

Sai kuma ku san gidan da kuke rubuta wa. Lutheran na Missouri a Amurka ba sa cikin LWF, suna da tasu tarayyar, kuma a Najeriya abokiyarsu ita ce Lutheran ta Obot Idim a Akwa Ibom. Takarda ɗaya da aka canza wa adireshi aka watsa wa gidajen biyu, nan da nan ake gane ta.

Ma'aji, Kosti

Baba ya gama da ƙofa, ni bari in yi maganar hanya, don nan ne ciwon kan yake.

Amurka ta ɗage takunkumin kasuwanci a 2017, ta cire Sudan daga jerin masu goyon bayan ta'addanci a Disamban 2020, amma bankunan da kuɗi ke ratsawa a tsakani har yanzu tsoro suke ji. Da zarar kalmar Sudan ta bayyana a takardar turawa, ana iya riƙe kuɗin makonni, ko a maida shi bayan an cire caji. Saboda haka kafin a turo babban kuɗi, a fara gwadawa da ɗan kaɗan, kamar dala 200, a ga kwana nawa ya yi da nawa aka zaftare. Sunan da ke kan asusu ya zo daidai da na yarjejeniya harafi da harafi. Sunan da aka juya daga Larabci zuwa boko iri biyu ya isa ya tsayar da komai.

Kasafi kuwa a dala ake rubuta shi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta kai canjin dala ɗaya daga fam 55 na Sudan zuwa 375 a rana ɗaya. Kafin yaƙin 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen fam 600, a 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Wanda ya sa hannu kan kasafin fam, kafin wata shida rabin aikin ya narke. A canza na wata ɗaya kawai, a rubuta farashin canjin ranar da sunan wurin da aka canza. Idan canji ya ba ku rara, ba taku ba ce: a rubuta wa mai bayarwa a nemi izinin abin da za a yi da ita.

A cikin gida kusan komai ta Bankak ake biya, wato manhajar waya ta Bankin Hartum. Abu uku game da shi. Hoton ish'ar, wato sanarwar an tura kuɗi, ba shaida ba ne, ana ƙirƙira na bogi, sai an duba asusu an ga kuɗin ya sauka. Mai ba da tsabar kuɗi a madadin Bankak yana cire la'ada, wadda ke hawa da sauka, don haka a ba ta layinta a kasafi, kada a ɓoye ta cikin kuɗin albasa. Na uku, layin waya na iya ɗaukewa kamar yadda ya yi a Fabrairun 2024, don haka a ajiye tsabar kuɗin sati biyu a akwati mai makulli biyu, ɗaya wajen ma'aji ɗaya wajen dattijo. Kada ya wuce haka. Canjin takardun fam 500 da 1,000 na Disamban 2024 ya nuna abin da ke samun mai tara tsaba a ɗaki.

Kuma kada kuɗin ikilisiya ya taɓa kwana a asusun pasto na kansa, ko da shi waliyyi ne. Ranar da ya yi tafiya ko ya rasu, iyalinsa ne magada a idon banki.

Mai lissafi, Bur Sudan

Ƙari kan maganar Ma'aji. Ikilisiya na ƙarƙashin hukumar harkokin addini, aikin agaji kuma na ƙarƙashin HAC, hukumar agaji ta gwamnati, bisa dokar 2006. Rajistar ɗaya ba ta rufe ɗaya. Ga ƙaramin taro irin naku, neman rajistar ƙungiya ɓata lokaci ne. Ku shiga ƙarƙashin wata mai rajista ko Majalisar Ikilisiyoyin Sudan da rubutacciyar yarjejeniya, a fayyace kason da za su cire na kula da takardu tun daga farko.

Abin da odita ke nema ba shi da yawa, amma ba ya yafewa: farashi daga 'yan kasuwa uku kafin babban saye, fatura, wato takardar saye, mai hatimi, takardar karɓar kaya da wani daban ya sa wa hannu, da jerin waɗanda suka amfana. Mai saye daban, mai biya daban, mai ajiya daban. Masu sa hannu a asusu uku, biyu su isa. Mai sayar da itace ko mai karo, wato amalanke, ba shi da fatura, sai a buga littafin rasit na ikilisiya ya dangwala, a rubuta lambar wayarsa. Rasit na takardar inji yana gogewa cikin zafin nan kafin wata uku, a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa.

Abin da ya fi kashe tallafi ba sata ba ne, jinkirin rahoto ne da ɗaukar kuɗin wannan layi a toshe wancan ba tare da izini ba. Kashi na biyu ba ya fitowa sai an karɓi rahoton na farko, kuma tsakaninsu ana iya yin wata biyu tukunya na sanyi.

Uwar Zumunta, Sinnar

Sannunku da lissafi, 'ya'yana. Ni maganar tukunya zan yi, don maza ne ke rubuta kasafi, mata ne ke gano abin da suka manta.

Ga mutum 200, ci ɗaya a rana: dawa giram 200 kowane kai, kilo 40 ke nan, buhu mai kilo 90 ya yi kwana biyu da ɗan saura. Adas giram 60, kilo 12 a rana. Mai kamar lita 3, gishiri kilo 1, albasa daidai ƙarfi. Wannan ci ɗaya ne, bai kai abin da ake lissafa wa mutum a yini ba, don haka kada ku rubuta a rahoto cewa kuna ciyar da mutane, ku ce kuna ba da abinci sau ɗaya.

Abin da ake mantawa: niƙa, itace ko gawayi, ruwan girki da na wanke tukwane, sabulu, kuɗin karo daga kasuwa, da ɗan abin hannu na matan da ke tsaye a kan wuta tun asuba. Waɗannan idan aka haɗa su ba ƙaramin kaso ba ne, kuma su ne ke sa a ci bashi. Ful, babban waken nan, ya fi adas cin wuta, sai an jiƙa shi tun dare. Ku da ke Gadarif kuna bakin rumbu: ku sayi dawa bayan girbi, Disamba zuwa Fabrairu, ku ɗora buhuna kan katako nesa da bango saboda ƙwari da laima. Daga Yuni damina ta kankama, farashi ya hau, laka ta hana mota shiga.

Yawancin masu zuwa da kwano Musulmi ne, da yawa ma Hausawa 'yan'uwanmu ne daga Mai Wurno da Damazin. Kada a yi wa'azi a kan layi, kada a sa takardar bishara cikin kwano. A sa limamin unguwa ko wakilinsa da mace ɗaya daga cikin 'yan hijirar a kwamitin rabo. Takiyya, wato tukunyar ciyar da jama'a kyauta, idan unguwa ta ɗauke ta tata ce, unguwa ke tsare ta. Da aka dakatar da kuɗin USAID, hukumar agajin Amurka, a Janairun 2025 takiyyoyi da dama sun rufe, waɗanda suka daɗe su ne masu 'yan kasuwar gari da 'yan'uwa na waje a bayansu.

Mai bishara, Kasala

Mama ta faɗi gaskiya kan kwano. Amma ina da ja da majalisarku kan alawus. An soke dokar ridda a Yulin 2020, sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke zuciyar unguwa daban. Mai bishara da aka san dala ke biyansa, ana kallonsa ɗan kwangila, har masu bi ma sukan daina ba da zakka su ce ai Turawa na nan. Shawarata, alawus ya fito daga baikonku. Ku nemi na waje don abin da ake saye sau ɗaya: keke ko babur, Littafi Mai Tsarki na Larabci da na Hausa, littafin waƙoƙi, faifan sola, kuɗin kwas. Idan ya zama dole a karɓi na alawus, a rubuta shi yana raguwa: shekarar farko su biya kashi uku cikin huɗu, ta biyu rabi, ta uku kashi ɗaya, ta huɗu ku ɗauka gaba ɗaya. Muryar Bishara ta Jos ta riƙa aika shirye-shiryen Hausa ta gidan rediyon LWF na Addis Ababa tun shekarun 1960, gwamnatin soja ta ƙwace gidan a 1977 cikin dare ɗaya. Abin da ke tsaye da ƙafa ɗaya haka yake.

Baba Pasto, Bur Sudan

Malam, na yarda da raguwar, amma mutanen da suka baro gidajensu da kayan jikinsu ba za su cika faranti a shekara huɗu ba. A rubuta a yarjejeniya cewa za a sake duba jadawalin kowace shekara. Kuma a wasiƙa ku rubuta Jamhuriyar Sudan ƙarara, da sunan jiha. A tsofaffin takardunmu Sudan na nufin ƙasarmu ta Arewacin Najeriya, shi ya sa TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, ta fara da suna TEKAS, wato a Sudan, ga kuma Sudan ta Kudu da ke da nata asusun daban a yawancin ofisoshin nan.

Ma'aji, Kosti

Magatakarda, ku buɗe littafi biyu tun yau, ɗaya na baiko da zakka, ɗaya na tukunya, ko da babu ko fam ɗaya na waje tukuna. Abin da za a fara tambayarku shi ne lissafin wata shida da suka wuce da kuma abin da ku kanku kuka zuba. Aikin hannun matan zumunta da itacen da aka kawo kyauta, a kimanta su a rubuta, gudummawarku ce.

Magatakarda, Gadarif

Mun gode, iyaye. Za mu raba takardar biyu, ta alawus ta bi ta bishop. Mama, buhun adas mai kilo nawa ake samu a Sinnar yanzu, kuma wata nawa yake yi kafin ƙwaro ya shiga?