Wanda ya taɓa zuwa Iwama ya zo ya ba mu labari

Ɗan Tsukuba:
Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu kenan ina koyon aikido, wasan kare kai na Japan, a wani ɗan ƙaramin waje kusa da makarantarmu, malaminmu ba shi da zance sai Iwama, Iwama, yanzu ya ce hutun nan zai kwashe mu mu je. Wani gari ne nan cikin yankin Ibaraki na Japan, ba nisa. Don Allah wanda ya taɓa taka wurin ya faɗa min abin da ya tarar. Kuma maganar sunkuyon nan da ake yi wajen buɗe darasi tana ɗan damuna, ban ɓoye muku ba.

Alhaji Mai Motoci:
Wa alaikumus salam ɗana. Na je sau biyu, na farkon ma rakiya na yi wa wani Bajapane da muke harkar gwanjon motoci tare. Jirgin ƙasa na layin Joban za ka hau ka sauka tashar Iwama, sauran tafiyar ƙafa ce. Ni dai na tafi da tunanin zan ga wani katafaren gini irin na filin wasa, wallahi sai ga ɗakin katako tsoho a cikin bishiyoyi, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, gonaki ta ko'ina. Abokin nawa ya ce ai wanda ya ƙirƙiro aikido, Morihei Ueshiba, noma ya zo yi. A 1942 ana tsakiyar yaƙi ya bar wa ɗansa Kisshomaru makarantar Tokyo, ya tattaro da matarsa ya dawo ƙauyen nan, ya gina wurin bautarsu da suke ce wa Aiki Jinja, ɗakin horon kuma aka gama shi 1945. Shi a wurinsa fartanya da takobi abu ɗaya ne. Ni ban shiga tabarma ba, gwiwa ta ƙi, amma ina zaune wani dattijo ya miƙo min tsintsiya, ban san lokacin da na tashi na hau sharar ganye ba, ni da ko a gidana ba na shara hhh.

Maman Yusra:
Alhaji ka ba ni dariya, ai tsintsiyar nan ita ce darasin farko. Ni a Faransa na fara, shekara shida ina yi, har ina ganin kaina wata tsiya, sai malaminmu ya rubuta min takarda na je na yi kwana goma a matsayin uchi-deshi, wato ɗaliban da ke kwana su tashi a makarantar, kamar dai almajiran da ke gaban malam. Asuba ta fari an tashi, shara, goge katako, tsince ganye, sannan a ɗauki sanda da takobin katako a fita waje. Farkon hunturu na je, sanyi kamar zai cire min yatsu, rana ta uku tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe saboda sara da takobi, ina alwala ina cije baki.

Amma abin da ba zan manta ba horon yamma ne, lokacin da mutanen gari ke zuwa. Kullum da abu ɗaya ake farawa, tai no henko, mutum ya riƙe maka wuyan hannu kai kuma ka juya ka koma gefensa. Abin da na yi sau dubu a Faransa. Wani tsoho gajere, da ganin hannunsa ka san manomi ne, ya damƙe ni, na yi na yi ko motsi ban yi ba, kamar an ɗaure ni a jikin turmi. Bai ce min uffan ba, ya sa yatsa ya taɓa gwiwar hannuna, ya taɓa ƙuguna, ya sake riƙewa. Sai a karo na biyar na wuce. Da aka tashi shi ne ya kawo mana dafaffen kuri a leda, wani ɗan itace ne mai ƙaya a bawo da yankin ya yi suna da shi, ɗanɗanonsa kamar dankalin Hausa. Muka zauna da 'yan Italiya da wani ɗan Ajantina muna ɓarewa, ba mai jin yaren wani sosai.

Injiniya:
Hajiya wannan riƙon da kika sha gadon Saito ne. Morihiro Saito ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya shiga wurin 1946 yana saurayi, aikinsa kwana ɗaya a bakin aiki kwana ɗaya hutu, to ranar hutun sai ya wuni gun Ueshiba, su yi noma su yi horo. Da Ueshiba ya rasu 1969 shi ya ci gaba da kula da wurin har shi ma ya rasu 2002. Shi ya tsara saran takobi 7 da na sanda 20 da kata, wato jerin motsin sanda guda 31, da za a sa ka haddace. Ni na fara zuwa hedikwatar aikido ta Shinjuku a Tokyo ne, can ana yi da laushi ana zagaye, da na zo Iwama sai na ga su sai an riƙe ka da ƙarfi kana tsaye cak tukuna, in ka iya kuɓuta sannan a zo maganar gudu.

Sannan ɗan uwa ka tambayi malaminku wacce Iwama zai kai ku, don biyu ne yanzu. Tsohon ɗakin yana hannun Aikikai, ƙungiyar zuriyar Ueshiba, shi kuma ɗan Saito, Hitohiro, ya ware bayan rasuwar babansa yana da nasa wurin a garin. Ni na taɓa kwasar kunya, na je wannan ina ta yabon wancan.

Abu Hanifa:
Maganar sunkuyo ba ƙarama ba ce, kar a shashantar da ita. Ni a wata makaranta a Jamus na ce wa malamin ba zan kai goshi ƙasa gaban hoto ba, ya ce to in nemi wani wasan, haka na haƙura na bari. Shi ya sa ban ma yi sha'awar zuwa Iwama ba, tunda har wurin bauta gare su.

Maman Yusra:
Malam gaskiyarka, amma ni tun a takardar da aka rubuta min an faɗa musu Musulma ce, ba na cin alade ba na shan giya. In an zo buɗe darasi suna sunkuyawa suna tafi, ni ina zaune a layin baya hannuna kan cinya, in an gama in ɗan rusuna wa abokin horo kamar yadda zan gaida babba a gida. Ba wanda ya taɓa ce min don me. Wurin bautar kuwa yana tsallake, na share harabarsa dai, ban shiga sha'aninsu ba. Bikinsu na shekara 29 ga Afrilu ne, limaman addinin Omoto ke jagoranta, wanda ba ya so sai ya kauce wa ranar. Ni kafin in tafi sai da na tambayi malamin da na yarda da shi, kai ma ka tambayi naka.

Ɗan Tsukuba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi malaminmu, ya ce tsohon ɗakin ne, kuma zai yi musu bayani tun kafin mu je. Hajiya me kika shafa wa hannun da ya fashe?

Maman Yusra:
Man kaɗanya na tafi da shi daga gida, har 'yan Italiyan sai da suka ƙarar min da shi. Ka riƙi filasta da safa mai kauri.