Neman shawara: wane kan tiraifod zan saya wa kyamarar fim?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum manya. Ina neman shawararku kan kan tiraifod, wato abin da ake ɗaura kyamara a kai a saman ƙafafu uku, irin mai ruwan mai a ciki. Kyamarata Alexa Mini ce. Ita kaɗai kilo 2.3 ce, amma in na ɗora lens da matbos (akwatin da ke kare lens daga haske) da batir da monita da injin fokos, takan kai kilo 13, in kuma zum ne (lens mai jawo hoto kusa ko nesa) ta haura 16. Kan da nake da shi an rubuta yana ɗaukar kilo 18, amma da na sunkuyar da kyamara na saki hannu sai ta ci gaba da zarcewa ƙasa. In na juya gefe da dogon lens kuma, ina tsayawa sai hoton ya ɗan komo baya. Abin yana damuna ƙwarai, don darakta yana gani a monita. Hankalina ya rabu tsakanin Sachtler Video 20, da OConnor 1040, da Cartoni Focus 22. Wanne ya fi?

Wani dattijon mai ɗaukar hoto:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu zo kan suna, bari mu fara da wancan kilo 18 ɗin, don shi ne ya ruɗe ka. Kan tiraifod ba nauyi kaɗai yake ji ba, yana jin nisan tsakiyar nauyin daga inda yake lanƙwasawa. Kyamara mai kilo 13 da take kwance a ƙasa-ƙasa daban take da mai kilo 13 da aka ɗora a kan faranti biyu (ƙarfen da ake ɗaure kyamara a kai), aka kafa mata monita da hannu a sama. Duk lokacin da tsakiyar nauyi ta ƙara tsawo, abin da sifirin ɗin da ke cikin kan, mai hana kyamara faɗuwa, zai iya riƙewa raguwa yake. Kamfanonin kirki suna fitar da jadawali da ke nuna kilo nawa a tsawon santimita nawa. Jadawalin za ka nema, ba babban adadin da aka buga a jikin kwali ba.

Ga gwajin da nake yi wa kowane kai. Ka haɗa kyamarar tsaf yadda za ka yi aiki da ita, ka mayar da taurin juyawa sifili, ka ja faranti gaba ko baya har ta zauna daidai. Sai ka sunkuyar da ita ka saki, ka ɗaga ta sama ka saki. In ta faɗi, sifirin ya yi kaɗan. In ta dawo tsakiya da kanta, ya yi yawa. Kai nagari zai bar ta a duk inda ka aje ta.

A nan ne OConnor ya yi suna. Daidaita nauyinsa ba mataki-mataki ba ne, murɗawa kake yi har ka dace, kuma yana riƙe kyamara ko ta kalli ƙasa sak ko sama sak. Wanda ya kafa kamfanin, Chadwell O'Connor, injiniya ne mai sha'awar ɗaukar jiragen ƙasa suna gudu, girgizar hoto ce ta sa ya ƙera kansa, har Walt Disney ya saya daga wurinsa. Sai dai 1040 iyakarsa wajen kilo 20 ne, kai kuwa da zum kana kusa da baki. Ni da ni ne, OConnor 2560 zan duba, mai kai wa kusan kilo 30.

Wata mai ɗaukar shirye-shiryen gaskiya:
Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Amma ɗan'uwa, ba ka gaya mana irin aikinka ba. Kana da mataimaka masu ɗaukar kaya, ko kai ne kake saɓa tiraifod a kafaɗa? Ni Video 20 nake riƙe da shi kuma ban ga abin da zai raba ni da shi ba. Daidaita nauyinsa mataki 16 ne, taurin juyawa mataki 7. Wasu na ganin matakan nan aibi ne, don wani lokaci abin da kake so yana tsakanin biyu. Ni kuwa ni'ima nake ganinsu: na san lens ɗin nan lamba kaza yake so, wancan lamba kaza, ko a duhu sai in murɗa in ji ƙas, ƙas, shi ke nan. Yana ɗaukar wajen kilo 25, kuma kyamara tana hawa faranti cikin ƙiftawar ido.

Wani mai gyaran kayan ɗauka:
Oga, komowar hoton nan da ka ambata, kada ka yi saurin ɗora wa kai laifi. Sau da yawa ƙafafu ne. In ka juya da tauri mai yawa, ƙafafun sukan ɗan murɗe, kana sakin hannu sai su warware, hoto ya koma. Ka kulle kan gaba ɗaya, ka sa lens mafi tsawo, ka ɗan tura hannun a hankali kana kallon monita. In hoto ya motsa, ka duba ƙafafu, da abin da ke riƙe su a ƙasa, da sukurun da ke ɗaure kwano, wato mazaunin kan a saman ƙafafu. Kwano mai milimita 100 yana aiki, amma masu manyan zum galibi 150 suke hawa ko gindin Mitchell, wato shimfiɗaɗɗen mazauni, saboda faɗin wurin zama.

Cartoni ɗin da ka ambata ma ba na yarwa ba ne. Kamfanin Italiya ne da ke Rum tun 1935, kuma Focus 22 shi ma murɗawa ake yi ba mataki ba, iyakarsa kilo 22. Ka kuma leƙa Miller na Ostireliya, su ne suka fara yin rajistar mallakar fasahar kai mai ruwan mai a 1946. In na hannu za ka saya, ka shafa yatsa a gaɓoɓinsa ka ga ko mai yana tsattsafowa, ka juya shi zagaye guda a hankali ka ji ko akwai inda tauri yake sakewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, fim nake yi, ina da mataimaka biyu, ɗaukar kaya ba matsala ba ce. Abin da ya fi yawa a aikina shi ne bin fuskar ɗan wasa a hankali yayin da yake miƙewa daga zaune. Na yi gwajin da Malam mai gyara ya faɗa, hoton ya motsa kuwa alhali kai a kulle yake.

Dattijon mai ɗaukar hoto:
To ka ga matsalarka biyu ce, ƙafafu da sifirin. Irin ɗaukar da ka kwatanta kuwa, inda za ka ɗaga a hankali ka tsaya cak a kan ido, ita ce ke buƙatar daidaito marar mataki, don in sifirin ya saɓa ko kaɗan hannunka ne zai riƙa biyan bashin, kuma rawar hannu tana fitowa a dogon lens. Ka ɗauki hayar 2560 da ƙafafu masu kwano 150, ka ɗora musu zum ɗinka mafi nauyi, ka yi aikin yini guda da su. Ka nemi Focus 22 ma ka yi masa haka a kan ƙafafu masu ƙarfi kafin ka yanke.

Mai ɗaukar shirye-shiryen gaskiya:
Tunda akwai masu ɗaukar kaya, na janye, bi maganar Baba. Ka dai tafi da batir ɗin da kake aiki da shi kullum, don canza batir kaɗai yana sauya inda nauyi ya zauna.