Ina ne wuraren da masu nutso da tukunyar iska suka fi zuwa a duniya?

Ɗan Masunta, daga bakin madatsar Tiga:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ni ɗan masunta ne, gidanmu yana gefen madatsar ruwa ta Tiga, kuma tun ban cika shekara goma ba mahaifina yake tura ni cikin ruwa in kwance taru idan ya sarƙe a jikin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka gina madatsar a zamanin Gwamna Audu Bako. Nutson da muka gada shi ne mutum ya cika ƙirjinsa da iska, ya dulmiya, ya yi ta lalube da hannu cikin duhu, domin da zarar ka wuce gaba biyu ko uku, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. A makon jiya ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa, inda na ga mutane goye da tukunyar iska suna yawo a cikin wani jirgin ruwa da ya nutse, ga babura jere reras a cikinsa, kifaye suna shige da fice ta tsakanin tayoyinsu, ruwan kuwa garau kamar na randa. Mahaifina ya ce haɗin kwamfuta ne. Ina roƙon wanda ya sani ya faɗa mini ko da gaske akwai wannan jirgi, da sauran wuraren da masu wannan harka suka fi zuwa, sannan ko wanda ya iya irin nutsonmu zai iya nasu.

Baban Sumayya, Ringim:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe da Baba, ka ce masa ba haɗin kwamfuta ba ne, domin ni da kaina na shiga cikin jirgin nan a shekarun da na zauna a Masar, lokacin da na bar karatu a Alƙahira na koma Sharm el-Sheikh ina aiki a wani shago da ke ba da hayar kayan nutso. Sunan jirgin Thistlegorm, na Ingila ne, kuma yana kwance a Bahar Maliya, ba nisa da tsinin Ras Muhammad da ke kudancin Sina'i. Ya taso daga Glasgow a 1941 ɗauke da kayan yaƙi zuwa ga sojojin Ingila da ke Masar, ya zagayo ta ƙasan Afirka, yana tsaye yana jiran a ba shi hanya zuwa mashigin Suwez sai jiragen saman Jamus suka jefa masa bam a daren 6 ga Oktoba na shekarar. Bam ɗin ya faɗa inda aka jibge albarusai, jirgin ya tsage, mutum tara suka rasu.

Abin da ya sa ya yi suna shi ne kayansa suna nan inda aka loda su. Zurfin wurin kimanin mita 30 ne. Idan ka kutsa cikin ɗakunan kaya za ka tarar da manyan motoci ƙirar Bedford, a bayansu an jera babura ƙirar BSA da Norton, ga bindigogi an ɗaure su dami-dami, ga takalman roba irin na damina a warwatse. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani babur da na haska da tocila, tsatsa ta cinye kujerarsa da tankinsa amma tayarsa tana nan da zanenta kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba, wani ɗan kifi ja kuma ya mayar da gurbin fitilar gidansa. A waje kuma, dama da hagu, akwai kawunan jirgin ƙasa biyu da ƙarfin fashewar ya wurgar kan yashi. Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska ta zamani a 1943, ya gano jirgin a shekarun 1950, daga baya aka manta da shi, sai a farkon shekarun 1990 masu nutso suka sake tururuwa.

Jiragen da suka nutse kuma suka yi suna suna da yawa. A tafkin tekun Chuuk, can cikin Pasifik, Amurka ta nutsar da gomman jiragen Japan cikin kwana biyu a Fabrairun 1944. A Scapa Flow da ke arewacin Sikotilan, Jamusawa da kansu suka nutsar da jiragen yaƙinsu fiye da 50 a ranar 21 ga Yuni, 1919, don kada abokan gaba su gaje su. A gaɓar Larnaka ta tsibirin Ƙubrus akwai Zenobia, wanda ya kife a 1980 da manyan motocin kaya fiye da ɗari a cikinsa. Waɗannan ukun karatu na yi, ƙafata ba ta taka su ba.

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kudu:

Malam Baban Sumayya ya yi bayani mai gamsarwa a kan jirage, ni kuwa zan tsaya a kan duwatsun murjani, domin su ne suka fi jan jama'a, kuma a nan ne nake ganin ɗalibaina suna yawan kuskure. Murjanin nan da muke karanta sunansa a Suratur Rahman, wanda kakanninmu mata suke ɗaurawa a wuya, ba dutse ba ne a asalinsa, ba kuma tsiro ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu taushi da suke zaune a tare, kowace tana gina wa kanta ƙoƙo na farar ƙasa, idan ta mutu wata ta ɗora nata a kai, har bayan dubban shekaru a sami tudu. Ina misalta wa yara da suri, yadda gara ke tara shi da kaɗan-kaɗan. Masu gina waɗannan tuddai suna buƙatar ruwa mai ɗumi, mai haske, marar laka, saboda a cikin jikinsu akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi da ke sarrafa musu abinci da hasken rana, shi ne kuma yake ba su launi. Bahar Maliya kuwa ta yi garau kamar yadda ka gani, domin hamada ce ta kewaye ta, babu wani babban kogi da ke kwarara mata laka, saɓanin gaɓar tekunmu ta Nijeriya inda Kwara da Binuwai suke juye abin da suka kwaso.

Mafi girma a duniya shi ne shingen murjani na Ostireliya, wanda ya miƙe tsawon kimanin kilomita 2,300 a gefen jihar Queensland, wato ya ninka tafiyar Kano zuwa Legas har biyu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981. Sai dai girma daban, yawan iri daban. Masana sun fi jinjina wa Raja Ampat da ke gabashin Indunusiya, inda aka ƙidaya nau'in murjani mai tauri fiye da 500, kusan kashi uku cikin huɗu na duk wanda aka sani. A Malesiya akwai ɗan tsibirin Sipadan, wanda ya shahara da kunkurun teku, kuma saboda cunkoso gwamnati ta sa aka kwashe masaukan baƙi daga kansa a 2004, ta kuma ƙayyade adadin waɗanda za su shiga ruwan a kowace rana. A Beliz, ta gefen Amurka ta Tsakiya, akwai wani ƙaton rami zagayayye a tsakiyar teku, faɗinsa kimanin mita 300, zurfinsa ya haura mita 120, kogo ne na tudu tun zamanin da ruwan teku bai taso haka ba.

Abin takaicin shi ne zafin ruwa yana ƙaruwa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na tsawon makonni, murjanin yakan kori gansakukan da ke jikinsa, ya yi fari fat kamar ƙashi, idan kuma zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. Shingen Ostireliya ya sha wannan a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024, saboda haka hotunan da ake yaɗawa ba kullum ne suke nuna halin da wurin yake ciki a yau ba.

Alhaji Na Bakin Kogi, Haɗeja:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, amma akwai abin da ya tokare mini wuya. Kakana ya tafi aikin Hajji a ƙafa, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan, ya tsallaka wannan Bahar Maliya a jirgin ruwa, kuma har ya rasu ba ya ambaton tekun nan sai da kalmar shahada. Na kuma tuna labarin jirgin Salem Express, wanda ya taso daga Jidda a Disambar 1991 cike da fasinjoji, cikinsu har da masu dawowa daga Umra, ya daki dutsen murjani da dare kusa da garin Safaga na Masar, ya nutse da ɗaruruwan bayin Allah. An ce mini shi ma yanzu wurin yawon buɗe ido ne. Ashe inda gawarwakin mutane suke kwance ba maƙabarta ba ce? A garinmu ko akuya ba ma bari ta yi kiwo a kan kushewa.

Baban Sumayya, Ringim:

Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Maganarka tana kan hanya, kuma ba kai kaɗai kake da wannan ra'ayi ba, domin na san Misirawa masu jagorantar baƙi da suke ƙin kai kowa wurin Salem Express ko nawa za a biya su. Hukuma ta ce waɗanda suka rasu sun haura 450, mutane da yawa kuma suna ganin adadin ya fi haka, kuma an toshe wasu sassan jirgin saboda gawarwakin da ba a iya fitarwa ba. Waɗanda suka je sun ba ni labarin akwatuna da rediyoyi da kekunan yara, tsarabar da aka sayo wa iyali, suna nan zube. An gayyace ni sau biyu ban je ba. Ina bambanta shi da irin Umbria da ke kusa da Bur Sudan, a gaɓar da mahajjatanmu na da suke tsallakawa, jirgin Italiya wanda matuƙansa suka nutsar da gangan a Yunin 1940 da tarin bama-bamai a cikinsa don kada Ingila ta ƙwace, suka kuma fita da ransu.

Sai tambayar ƙanena ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Rashin tsoron ruwa da kake da shi jari ne, amma babbar gwanintarka, wato riƙe numfashi, ita ce abu na farko da malamin nutso zai raba ka da ita. Duk mita goma da ka sauka, nauyin ruwan da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Kai da kake cika ƙirji a sama ka dulmiya, iskar matsewa take yi ta kuma dawo yadda take idan ka taso, babu matsala. Amma wanda ya shaƙi iska daga tukunya a zurfin mita goma ya zuba wa huhunsa ninki biyu, idan ya riƙe ta ya taso sai ta kumbura ta yaga huhun, kuma ko 'yan mitoci kaɗan sun isa su yi wannan ɓarna. Na biyu, abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta an matse, kuma sinadarin naitirojin da ke cikinta yana narkewa a jini idan an daɗe a ƙasa. Wanda ya taso da gaggawa, jininsa zai yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, abin da ke jawo ciwon gaɓɓai, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti uku a zurfin mita biyar, ba a kuma shiga ruwa sai da abokin tafiya. Takardar shaidar farko, wadda ake samu bayan horon kwana uku ko huɗu, mita 18 kawai ta yarje wa mutum, iyakar masu yi don nishaɗi kuwa mita 40. A garin Dahab na Masar akwai wani rami a cikin teku da ya ci rayukan gwanaye masu yawa saboda sun nemi ratsa wata ƙofar dutse da ke wajen mita 55. A garin ne kuma Bamisiren nan Ahmed Gabr ya sauka mita 332 a 2014, saukar ba ta wuce kwata ɗin awa ba, amma tasowar ta ci shi kusan awa goma sha huɗu.

Ɗan Masunta, daga bakin madatsar Tiga:

Na gode, Yaya, na gode Malam, Allah ya ja kwana Baba Alhaji. Akwai abin da na ɓoye tun farko saboda kunya. Ni da wani abokina mai faci mun riga mun shirya mu ɗora injin da yake busa taya a kan kwalekwale, mu haɗa masa doguwar tiyo, in riƙe bakinta in sauka in daɗe a wurin kututturan nan, har mun sayi tiyon.

Baban Sumayya, Ringim:

Don girman Allah kada ku gwada, ƙanena. Injin mai faci yana turo iska haɗe da tururin baƙin mai, yana kuma zuƙo hayaƙin salansarsa, hayaƙin nan dai da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, kuma a ƙarƙashin ruwa mutum suma zai yi ba tare da ya farga ba. Idan kuma injin ya mutu kana ƙasa, a guje za ka taso da iska a ƙirji, wato abin da na gama yi maka kashedi a kansa. Tiyon ku kai ta fadama ku yi ban ruwan tumatir da ita. Ka turo mini saƙo ta gefe, ina da hotunan baburan nan da na ɗauka da hannuna, sai ka nuna wa Baba.