Muƙami nake nema, ko kuwa ni ne ban san abin da nake so ba?

Malamin Ƙauye, Ringim:
Assalamu alaikum. Shekara 14 ke nan ina koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyenmu, kuma duk tsawon lokacin nan ba ni da burin da ya wuce in ga takardar ƙarin girma. Bara ta fito, na yi murna har na yanka kaza, amma kafin wata uku ƙarin ya narke a man babur, domin tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi. Ranar da na tsaya gaban mai shago ina roƙon ya ƙara mini kwano biyu na masara a kan bashin watan jiya, sai na tambayi kaina: shin shugabancin makaranta nake so, ko kuwa so nake in daina zaman jiran alat? Ina neman shawararku.

Tsohon Ma'aikaci, Gumel:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi wa gwamnati aiki shekara 35, kuma abin kunya ne in faɗa maka cewa sai da na yi ritaya na san nawa gidana yake ci a wata. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta kowace naira da ta fita daga aljihunka har wata biyu, kada ka tsallake gudummawar biki da ta suna da shaddar da ka ɗinka don kada a ce malam ya gaza. A nan za ka ga kanka fiye da yadda madubi zai nuna maka, domin da yawa daga cikin abin da muke kira buƙata tsoron bakin mutane ne kawai. Hadisi ya tabbata cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce, sai dai ban yarda mutum ya fake da shi ya naɗe hannu ba.

Uwar Gida, Maigatari:
Malam, ka yi shawara da maiɗakinka kuwa? Ni da kuɗin adashi na sayi tumaki biyu, ina ba su dusa da harawar wake, idan Babbar Sallah ta matso ɗana ya kai raguna kasuwarmu ranar Alhamis. Ribar ba ta da yawa, amma ita take biyan kuɗin littattafan yara ba tare da mun ɗaga kai mun kalli kowa ba.

Manomin Fadama, Hadeja:
Ɗan'uwa, ina tsoron kada zaƙin maganar 'yancin kai ya sa ka ajiye alli. A ambaliyar 2022 ina tsaye a kan tudu ruwa ya shafe shinkafar da na zuba wa duk jarina, kuma albashin ƙanena ne ya riƙe gidaje biyu har rani. Ka riƙe aikinka, ka fara da buhu biyu na riɗi lokacin kaka, ka ajiye sai ya yi daraja.

Malamin Ƙauye, Ringim:
Na gode muku ƙwarai. Baba, na sayi littafin jiya, kuma abin da na fara rubutawa shi ne katin waya na naira 1,000, karo na uku a mako guda.