Injin busar da kaya yana ƙona mini soket, ku taimaka

Assalamu alaikum, masu sana'ar wuta. Ina da shagon wanki da guga a Kano, kuma injin busar da kayana ɗan Kwatano ne, ƙirar Ingila, wat 2,500 a rubuce a bayansa. Idan na kunna, gangar tana juyawa lafiya, zafi ma yana zuwa. Amma bayan kamar minti 15 sai filogin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, warin roba ya tashi, wani lokaci breka, wato makunnin da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, ta faɗi.

Mai gyara ya gwada ƙarfen da ke kawo zafi ya ce lafiyarsa lau, ya sa sabon soket mai amfiya 13. Shi ma ya fara baƙi ta wajen rami ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wayar cikin bango, mai kaurin 1.5 ce, kuma layin ne ke ɗauke da dutsen guga. A lissafina, wat 2,500 a kan bolt 230 kusan amfiya 11 ke nan, ga guga a kai. Shin sai na ja wa injin layi nasa shi kaɗai da waya mai kaurin 2.5? Ko dai wani ƙulli ne ya saki a akwatin haɗi yake haifar da zafin?

Sannan jikin injin yana ɗan jan hannu idan ƙasa ta jiƙe. Ta yaya zan tabbatar wayar ƙasa, wato ta kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, tana aiki? Yara biyu ke aiki a wurin, shi ya sa na kashe shi gaba ɗaya, ga damina kaya sun taru.