Neman shawara: An rufe ajujuwanmu, kuɗin tallafi na ajiye a asusu, iyayen ɗalibanmu kuma ba su da abinci

Tambaya daga ma'ajiyar wata ƙungiyar mata a Kano, a watan Ramadan na shekarar 2020

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Allah Ya karɓi ibadunmu na wannan wata, Ya yaye mana annobar korona. Ni ce ma'ajiyar wata ƙaramar ƙungiya a cikin birnin Kano, wadda ke koyar da 'yan matan da suka bar makaranta karatu da ɗinki da yamma. A bara, wato 2019, wata gidauniya ta ƙasar waje ta ba mu tallafi na shekara guda, aka rubuta a yarjejeniya cewa za a kashe shi ne a kan alawus ɗin malamai da hayar ajujuwa da littattafai da kekunan ɗinki. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris muka sallami ɗalibai, daga tsakiyar Afrilu kuma dokar kulle ta zaunar da kowa a gida, sai ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta kwanan nan. Kusan rabin kuɗin yana nan ba a taɓa ba, wa'adin aikin kuma zai cika nan da 'yan watanni.

Iyayen waɗannan yara 'yan dako ne da masu adaidaita sahu da masu sayar da abinci a bakin titi, mutanen da sai sun fita suke samun abin ɗorawa a murhu. Shugabarmu tana ganin mu ɗebi kuɗin mu sayi gero da shinkafa da mai mu raba musu, daga baya mu yi wa gidauniyar bayani. Zuciyata tana tare da ita, amma ni ce mai sa hannu a takardun banki, kuma na ji tsoro. Shin muna da ikon yin haka? Idan ba mu da shi, ina ƙungiya irin tamu za ta nemi tallafin gaggawa da muke ta ji ana ambata a rediyo? Sannan malamanmu, mu ci gaba da biyan su alhali ba a karatu?

Amsa daga wani dattijo, akanta mai ritaya da ya yi aiki da ƙungiyoyin sa-kai

Wa alaikumus salam, 'yata. Tsoron da kika ji yana kan hanya, kada ki sa hannu. Kuɗin da aka bayar da sharaɗi ba na ƙungiyarku ba ne ta yadda za ta juya shi yadda ta ga dama, ajiya ce aka ba ku domin aiki ayyananne. Ranar da mai binciken kuɗi zai zo, kasafin da aka amince da shi zai ɗora kusa da rasit ɗinku, duk abin da bai samu a kasafin ba kuma zai rubuta cewa an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ko da kuwa marayu aka ciyar. Abin da ke biyo baya shi ne a ce ku mayar da kuɗin, kuma da wuya a sake ba ku wani.

Sai dai hanyar halal a buɗe take, kuma a bana ta fi kowane lokaci sauƙi. A watan Maris na 2020, Gidauniyar Ford tare da majalisar gidauniyoyi ta Amurka suka fitar da wani alkawari wanda ɗaruruwan gidauniyoyi suka sa wa hannu, cewa za su sassauta ko su cire sharuɗɗan da ke kan tallafin da suka riga suka bayar, su rage yawan rahoton da suke nema, su kuma saurari waɗanda suke tallafa wa. Masu ba da tallafi a Landan ma sun fitar da sanarwa mai kama da wannan. Saboda haka roƙonku ba zai zo wa taku gidauniyar a matsayin baƙon abu ba. Ki duba ko sunanta yana cikin waɗanda suka sa hannu, idan yana ciki ki ambata a wasiƙarki cikin ladabi.

Ku rubuta wa jami'in da ke kula da tallafinku imel yau, kada ya wuce shafi guda. Ku faɗi ranar da kuka dakatar da karatu da dalili, da adadin kuɗin da ya rage a kowane sashe na kasafi. Daga nan ku roƙi a ba ku izinin karkatar da wani ƙayyadadden kaso zuwa abinci da sabulu ga gidajen ɗalibanku, ku haɗa da sabon kasafi mai nuna gida nawa, me kowane gida zai samu, kuma nawa ne farashinsa a kasuwa a wannan mako. Ku roƙi a tsawaita wa'adin aikin ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin wannan shi ne roƙon da ya fi saurin samun amincewa tunda ba ya cin aljihunsu. Ku kuma nemi a tabbatar muku a rubuce cewa za ku ci gaba da biyan malamai. A nawa ganin ya kamata a biya su, domin idan suka watse neman abinci, ranar da aka buɗe makarantu ba ku da aikin da za ku koma. Hujjar da za ta fi ratsa su ita ce wadda ta ɗaure abincin da manufar tallafin: yarinyar da yunwa ta tura talla ko aikatau a wannan kulle, da wuya ta dawo aji. Kada ku dogara da amincewar da aka yi muku ta waya. Ko jami'in ya ce ku ci gaba, ki roƙe shi ya aiko da layi biyu a rubuce, ki buga ki ajiye a fayil.

Amsa daga wani matashi mai aikin sa-kai a unguwa

Baba, da girmamawa, ina da ja a kan jiran. Waɗannan ofisoshi su ma a rufe suke, amsa tana iya ɗaukar makonni, mu kuwa muna ganin gidajen da ake buɗa-baki da ruwa da ɗan gari. Idan aka tsaya jiran takarda har bayan Sallah, wa aka taimaka? Ban ga mai hankalin da zai hukunta ƙungiya don ta ciyar da mayunwata cikin annoba ba.

Amsa daga wata malamar Islamiyya

Ɗana, damuwarka gaskiya ce, amma ba a gyara ta da dukiyar da aka ba mutum amana. An rawaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma ko a wakafi malamai suna cewa a bi sharaɗin wanda ya bayar. Hajiya ba za ta zauna hannu rabbana tana jiran amsa ba. Watan ciyarwa muke ciki, mutane da yawa kuma a Ramadan suke fitar da zakkarsu, ga zakkar fidda-kai tana tafe. Ƙungiyar ta fitar da jerin gidajen da suka fi galabaita, ta tuntuɓi 'yan kasuwar hatsi na Dawanau da na kayan masarufi a Singa waɗanda membobinta suka sani, da limamin unguwa da mai unguwa. Wanda ba zai ba da kuɗi ba yana iya ba da buhu. Abin da aka samu ta nan a rubuta shi a littafi daban, kada ya gauraya da kuɗin gidauniya, kuma abin da aka karɓa da sunan zakka a kai shi ga waɗanda suka cancanta kaɗai, kada a biya haya da shi.

Amsa daga wata ma'aikaciyar agaji a Maiduguri

Yaya, zan taɓa tambayarki ta biyu, domin kada ki ɓata ƙarfinki a ƙofofin da ba naku ba. Manyan kuɗaɗen da kike ji a rediyo, yawancinsu ba a tsara su don ƙananan ƙungiyoyi su cike fom su karɓa ba. CACOVID haɗakar 'yan kasuwa da bankuna ce tare da Babban Bankin Najeriya, aikinta kuma ya karkata ga cibiyoyin killace marasa lafiya da kayan asibiti da abincin da zai bi ta hannun gwamnatocin jihohi. Asusun haɗaka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a watan Afrilu, wanda Tarayyar Turai ta sa wa yuro miliyan 50, ta hannun hukumomin Majalisar yake fita. Asusun jinƙai na Najeriya da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, ke gudanarwa tun 2017 kuwa na Borno da Adamawa da Yobe ne, sai ƙungiyar da aka riga aka tantance take shiga.

Abin yana yi mini ciwo, domin tun a 2016 aka yi alkawari a taron jinƙai na Istanbul cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko, ga shi shekarar ta zo, baƙin ma'aikata ba sa iya zirga-zirga, mu 'yan gida ne a fili, amma har yanzu a ƙarshen layi muke.

Inda nake ganin kuna da rabo shi ne asusun da aka kafa musamman don ƙungiyoyin mata, irin su Urgent Action Fund Africa mai ba da ƙaramin tallafi cikin hanzari, da asusun raya matan Afirka na AWDF da ke Akara. Ki karanta sharuɗɗansu a shafinsu kafin ki rubuta komai. Hanya ta biyu ita ce ku shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya da ta riga ta samu kuɗi, tana neman masu sanin lungu da saƙo na Kano. Ko wace kika bi, za a nemi takardar rajistarku ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), da ta SCUML (sashen gwamnati mai yaƙi da halatta kuɗin haram), da lambar haraji, da asusun banki mai sunan ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu, da rahoton kuɗi na bara. Ki ɗauki hotonsu tsaf ki tara wuri guda tun yanzu, domin tallafin gaggawa wa'adinsa gajere ne.

Amsa daga wani ma'aikacin banki

Hajiya, a kula da 'yan damfara. Duk saƙon WhatsApp da ya ce a biya kuɗin fom, ko a turo BVN da lambar sirri kafin a samu tallafin korona, ƙarya ne, mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai nema. Naira biliyan 50 da Babban Banki ya ware ta hannun bankin NIRSAL kuma bashi ne ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i, za a biya shi, don haka bai dace da ƙungiyar da ba ta da kuɗin shiga ba.

Ma'ajiyar ta dawo

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa shugabarmu amsoshinku ta waya, ta yarda mu rubuta wasiƙar a daren nan, gobe kuma mu fara bin shawarar Malama. Baba, saura abu ɗaya: idan izinin ya zo, yaya za mu yi rabon ba tare da tara jama'a ba, kuma mu samu shaidar da za mu nuna?

Amsar dattijon

Kada ku kira kowa ofis, 'yata, domin da zarar labari ya fita cunkoso zai fi ƙarfinku, cunkoson kuma shi ne abin da ake gudu. Rajistar ɗalibanku ita ce jerin sunayenku, ba sai kun ƙirƙiri sabo ba. Ku samo farashi a rubuce daga 'yan kasuwa uku kafin ku saya, ku karɓi rasit mai hatimi, ku biya ta banki. A ƙulla kason kowane gida tun a shago, malamai biyu su riƙa kaiwa gida-gida a ranakun da aka sassauta, da takunkumi a fuska, su tsaya a zaure. Maimakon dangwala yatsa a tawada ɗaya, ku rubuta lambar wayar wanda ya karɓa, mai unguwa ya sa hannu a ƙasan takardar a matsayin shaida, ke kuma daga baya ki kira wasu daga cikinsu ki tabbatar kayan sun isa. Kada a ɗauki hoton fuskar kowa yana karɓar abinci sai da yardarsa. Idan mako guda ya wuce gidauniyar ba ta amsa ba, ki sake turawa, ki sa shugaban kwamitin amintattunku a cikin saƙon, sannan ki bi da kiran waya.