Sojan doki na Faransa masu alkyabba: ina asalinsu?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum. Akwai rundunar Faransa da ake kira Spahis, masu alkyabba kamar baraden Lamiɗo. Ina asalinsu, kuma suna hawan doki har yanzu?

Malam Njamena:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Runduna ta 1 ta Spahis a Maroko aka kafa ta, 1914, zamanin Lyautey, babban wakilin Faransa a Maroko. Ranar 2 ga Janairu 1941, a Umbrega ta Eritiriya, Kyaftin Jourdier ya kai wa Italiyawa hari bisa dawaki, takubba a zare. A 1943 suka shiga rundunar Janar Leclerc na Faransa, wanda ya taso daga nan Fort-Lamy (tsohon sunan Njamena) ya ci Kufra a Libiya. Tun 1984 barikinsu yana garin Valence a Faransa.

Alhaji na Marwa:
Allah ya saka, Malam. Doki kam ya kau, motar sulke ta gaje shi. Misali motar sulke AMX-10 RC: taya shida, igwa milimita 105, mutum huɗu a ciki. A hamada ƙura ce babbar matsala; in ba a share matatar iska ba, inji ya shaƙe ya yi zafi.

Malam Njamena:
A kula da launi, nan mutane ke ruɗewa: shuɗiyar alkyabba ta Spahis na Maroko ce, ja ta Spahis na Aljeriya.